Me ya kashe ƙananan harsunan gaɓar Tekun Baltik, kuma da me zai cece su?

A farkon shekarar 2023 aka kafa allon hanya na farko mai rubutu da Liboniyanci, harshen wata ƙaramar ƙabila ta masunta, a ƙasar Latbiya, a kan iyakar gundumar Talsi. Abin da ya sa maganar ta ja hankali shi ne, tun ranar 2 ga Yunin 2013 Grizelda Kristiņa ta rasu a Kanada tana da shekara 103, kuma ita ake ɗauka a matsayin mutum ta ƙarshe da ta sha wannan harshe a nono. To allon na wa ne, wa zai karanta? A ƙarƙashin wannan tambaya akwai ra'ayin da ya zauna daram a zukatan mutane da yawa, wai ƙaramin harshe dama kwanakinsa a ƙidaye suke, babba ne ke haɗiye ƙarami, babu yadda za a yi.

Tarihin gabashin Tekun Baltik bai goyi bayan wannan ra'ayi ba. Wajen shekara ta 1200, kiyasin masana tarihi ya nuna yawan tsoffin Furusawa, wata al'ummar gaɓar wannan teku, da na Estoniyawa kusan ɗaya ne, kowannensu bai wuce dubu 200 ba. Dukansu 'yan Salibiyya ne suka ci su da yaƙi a ƙarni guda, dukansu suka koma manoma a ƙarƙashin iyayengiji Jamusawa. Yau da harshen Estoniya ake karanta likitanci da shari'a, mutum sama da miliyan ɗaya ke magana da shi. Furusanci kuwa ya yi shekara 300 da mutuwa. Ruwa ba ya tsami banza. A wace mararraba hanyoyinsu suka rabu, kuma me ya kamata ya faru daban da waɗanda suka mutu sun rayu?

## Dangi biyu a unguwa ɗaya

Da farko a raba abin da ake yawan cakuɗawa. Idan aka ce “ƙasashen Baltik” ana nufin Lituweniya da Latbiya da Estoniya, amma idan aka ce “harsunan Baltik” na Estoniya ba ya ciki. Harsunan Baltik reshe ne na babban dangin da ya haɗa Rashanci da Jamusanci da Farisanci. Biyu ne suka tsaya da ƙafarsu, na Lituweniya mai mutum kimanin miliyan 3, da na Latbiya mai kimanin miliyan ɗaya da rabi. A gefensu akwai Latgaliyanci da Samogitiyanci, waɗanda har gobe ake gardama ko harsuna ne ko karin harshe. Waɗanda suka mutu su ne Furusanci da harsunan Kuroniyawa, Semigaliyawa, Seloniyawa, Yotbingawa da Galindawa.

Ɗaya dangin shi ne na Finik, wanda bai haɗa jini da na farko ba. 'Yan uwansa su ne harsunan Sami, sai na Hangari can nesa. Manyansa su ne harshen Finlan, mai mutum kimanin miliyan 5, da na Estoniya. Sauran duk suna cikin wani hali: Kareliyanci, Vepsanci, Izhoranci, Votanci, Liboniyanci, sai Kven a arewacin Norwe, Meänkieli a Suwidin, da Võro da Seto a kudancin Estoniya.

Masana harshe ba sa auna lafiyar harshe da yawan masu jin sa kawai. Abin da suke fara dubawa shi ne ko yara na tashi da shi a gida. Harshe mai mutum dubu 30 da duk sun haura shekara 60 ya fi kusa da ƙarewa a kan mai mutum dubu 3 da jikoki ke faɗa da shi a tsakar gida.

## Furusanci: ranar da manomi Bajamushe ya iso

Furusawa na asali ba Jamusawa ba ne. Mutanen Baltik ne masu addinin gargajiya da suka zauna tsakanin kogin Vistula da kogin Neman, inda yau yake arewa maso gabashin Polan da yankin Kaliningrad na Rasha. Sunansu ne kawai daular Jamusawa ta gada daga baya. Rundunar 'yan Salibiyya ta Tutonik ta fara yaƙarsu a 1230. Sun yi babban tawaye daga 1260 zuwa 1274, wanda Herkus Monte na cikin jagororinsa, amma zuwa 1283 an gama da su.

Da cin yaƙi kaɗai na kashe harshe, da Latbiyanci ma bai kai labari ba. Abin da ya bambanta Furusiya shi ne hanyar ƙasa. Daga Jamus mutum zai iya ɗora iyalinsa da garmarsa a keken shanu ya taho har can ba tare da ya hau jirgin ruwa ba, kuma haka aka yi. Manoma Jamusawa suka riƙa kwararowa, aka yanka musu filaye, suka kafa ƙauyuka a kan doka mai sassauci fiye da wadda ke kan 'yan ƙasa. Bafuruse ya waiwaya ya ga Jamusanci ya fito daga fada da coci ya shigo har gona: maƙwabcinsa, mai niƙa, maƙeri, wata rana har surukinsa, duk da shi suke magana. Ƙofar gari da ta sana'a ma da shi ake buɗe su. Ga kuma Polawa da Lituweniyawa da aka zuba a yankunan da yaƙi ya mayar kufai.

Dama ta ƙarshe ta zo a ƙarni na 16. A 1525 shugaban rundunar, Albrecht, ya karɓi aƙidar Martin Luther ya mai da ƙasar masarautar gado. Wannan aƙida ta dage a kan kowa ya ji addini da harshensa, saboda haka aka buga ƙananan littattafan tambaya da amsa na addini da Furusanci, biyu a 1545, na uku mafi girma a 1561. Yadda aka yi na ukun ya isa ya nuna halin da ake ciki. Fasto Abel Will na ƙauyen Pobethen ne ya fassara shi, amma sai da ya jingina da wani manomi mai suna Paul Megott, wanda aikin tilas na gandu ke wuyansa, har faston ya yi kukan ana janye masa shi zuwa aikin ubangida. A coci kuwa fasto ya yi wa'azi da Jamusanci, tafinta na tsaye kusa da mumbari yana juyawa. Harshen na da masu saurare, malamai ne ba shi da su.

A birnin Königsberg ɗin nan dai, inda aka buɗe jami'a a 1544, Martynas Mažvydas ya buga littafin farko na Lituweniyanci a 1547, Jonas Bretkūnas kuma ya kammala fassarar Littafi Mai Tsarki gaba ɗaya a 1590. Su Lituweniyawa suna da masu ilimi 'yan asali, da ƙasa babba a bayansu. Furusanci bai taɓa samun haka ba. Ban da littattafan nan uku, abin da ya rage daga gare shi shi ne jerin kalmomi 802 na Elbing da aka kwafa wajen 1400, da wani jerin mai kimanin kalma 100, da 'yan gutsattsari. Zuwa ƙarshen ƙarni na 17 tsofaffi ƙalilan ne suka rage a yankin Samland da ke kusa da Königsberg, sai annobar 1709 zuwa 1711, wadda ta kashe kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen ƙasar, ta share sauran.

Ko zai iya rayuwa? Misalin Sorbawa ya nuna zai iya. Su mutanen Slab ne da Jamusawa suka kewaye kusan shekara dubu, amma har yau akwai masu harshensu a gabashin Jamus, domin sun samu limaman coci daga cikinsu da littattafan ibada da harshensu. Inda harshen ya fi ƙarfi kuwa shi ne ƙauyukan 'yan Katolika da ke tsakanin Bautzen da Kamenz, inda bambancin ɗariƙa da maƙwabta ya sa aure ya fi zama a cikin gida. Da Furusawan Samland sun samu ko tsara ɗaya ta fastoci daga 'ya'yansu a lokacin Albrecht, a ganina da harshen ya kai ƙarni na 19, lokacin da masana suka fara bin ƙauyuka da alƙalami. Sai dai ban ga yadda zai haye 1945 ba. A ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu mutanen Gabashin Furusiya sun gudu ko an kore su kusan baki ɗaya, kuma Lituweniyawan yankin da masuntan Kursenieki masu harshe ɗan uwan Latbiyanci, waɗanda suka riƙe harsunansu har zuwa lokacin, sun watse a cikin Jamus sun narke.

## Abin da ya tsare Latbiyanci da harshen Estoniya

A arewa labarin ya sha bamban domin Lituweniya ta ƙi faɗuwa. Mutanenta sun ci 'yan Salibiyya a Saule a 1236 da Durbe a 1260, kuma ba ta karɓi Kiristanci ba sai 1387. Yankinta na Samogitiya ya tokare tsakanin Furusiya da Liboniya, wato yankin da yau yake Latbiya da Estoniya, ya toshe hanyar ƙasa. Mai zuwa Riga daga Jamus sai ta teku, ta teku kuwa ɗan kasuwa ne ke zuwa da soja da limamin coci. Manomi bai zo ba. Jamusawa suka zauna 'yan tsiraru a birane da gidajen gandu, ƙauye ya ci gaba da harshensa.

Akwai abu mai ɗaci a nan. Bautar gandu da ta hana manomi barin gonar ubangidansa, wadda ba a soke ba sai tsakanin 1816 da 1819, ita ce ta riƙe jama'a a dunƙule wuri ɗaya da harshensu, ko da yake ba alheri aka nufe su da shi ba. Cocin Luther kuma ya matsa a kan karatu. Ernst Glück ya fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Latbiyanci a ƙarshen ƙarni na 17, na Estoniya ya fito a 1739. A ƙidayar 1897 sama da kashi 90 cikin ɗari na Estoniyawa na iya karatu. Da takunkumi ya kwance sai aka tarar da masu karatu a shirye: jaridu, malaman makaranta, babban bikin waƙa na Tartu a 1869 da na Riga a 1873, sannan ƙasa mai cin gashin kanta a 1918.

Lituweniyanci ya bi ta wata ƙofar. Daga 1864 zuwa 1904 gwamnatin Rasha ta hana buga shi da haruffan Latin. Sai aka riƙa buga littattafai a Tilsit, hayin kogin Neman a ƙasar Furusiya, 'yan fasa-ƙwaurin littafi na goyo su cikin buhu suna haye iyaka da dare, wanda aka kama ya sha ɗauri ko a tura shi Saiberiya. Samun maɗaba'a a wurin da hannun mai mulki ba ya kaiwa babbar garkuwa ce, kuma yawancin ƙananan harsunan yankin ba su taɓa samunta ba.

## Waɗanda ɗan uwa ya haɗiye

Kuroniyawa da Semigaliyawa da Seloniyawa ba su bar ko shafi ɗaya na rubutu ba, daga sunayen wurare da na mutane ake gane harsunansu. Semigaliyawa sun ƙone birninsu na ƙarshe a 1290, da yawansu suka ƙaura Lituweniya. Zuwa ƙarni na 16 duk sun narke cikin Latbiyawa da Lituweniyawa. Wasu masana na cewa waɗannan haɗewa suka yi, kuma Latbiyancin yau daga haɗuwarsu ya fito. Ina ganin akwai gaskiya a nan, har ma zan ƙara da cewa da kowace ƙabila ta tsaya da nata, mai yiwuwa da babu wadda za ta kai yawan da zai ɗauki jarida da jami'a.

Amma wannan na nufin harshen da yake kukan danniya shi ma yana danne na ƙasa da shi. Liboniyawan kogin Daugava da na Gauja, waɗanda da sunansu aka kira ƙasar Liboniya baki ɗaya, Latbiyanci suka koma, kuma mai jin karin Liboniyanci na kogin Salaca na ƙarshe ya rasu a 1868. Mu Hausawa mun san wannan ta ɓangaren da ba mu cika son dubawa ba. Muna kukan Turanci na danne Hausa, alhali harshen Ajawa a Bauchi da na Auyokawa a Jigawa Hausa ce ta maye gurbinsu.

## Finlan da Kareliya: iyaka ta raba 'yan gida ɗaya

Babu inda aikin siyasa ya fito fili kamar nan. Harshen Finlan da Kareliyanci 'yan uwa ne na kusa, har mai jin ɗaya kan tsinci da yawa daga ɗayan. Rubutu mafi tsufa na dangin Finik ma daga ɓangaren gabas ya fito, wani ɓawon itace na ƙarni na 13 da aka tono a Novgorod a 1957. Yarjejeniyar 1323 tsakanin Suwidin da Novgorod ta ja layi a tsakaninsu. Na yamma suka bi cocin yamma, daga baya na Luther, Mikael Agricola ya ba su littafin koyon karatu a 1543 da Sabon Alkawari a 1548. Na gabas suka bi cocin Orthodox, wanda ke ibada da tsohon harshen Slab, nasu harshen ya tsaya a gida da daji. Abin takaici, yawancin waƙoƙin da Elias Lönnrot ya tattara ya gina Kalevala, babbar waƙar gargajiya ta Finlan, da su a 1835 daga bakin mawaƙan Kareliya ya ɗauko su, amma harshen Finlan ne ya ci ribarsu.

A zamanin Sobiyet kuwa aka yi ta juya su. Da farko aka sa harshen Finlan a makarantu da ofisoshin Kareliya. A 1937 zuwa 1938 aka hana shi, aka ƙirƙiro rubutaccen Kareliyanci da haruffan Rashanci cikin gaggawa. A 1940 aka jefar da wannan aka koma harshen Finlan, daga baya komai ya koma Rashanci. Uban da ya ga an canja wa 'ya'yansa harshen karatu sau uku, ya kuma ga an kama malamai saboda harshen da jiya aka umarce su su koyar, ba sai an gaya masa wanne ne ba ya jawo fitina ba. Ƙidayar 1926 ta samu Kareliyawa kimanin dubu 248, fiye da rabinsu a yankin Tver, inda kakanninsu suka yi hijira bayan yarjejeniyar Stolbovo ta 1617. A 2010 sun koma kimanin dubu 61, masu jin harshen dubu 25 da 'yan kai. A 2021 dubu 32 ne suka kira kansu Kareliyawa. Da tun a shekarun 1920 an tsayar musu da rubutu ɗaya nasu aka bar shi ya zauna, da mutane dubu 248 sun isa su riƙe harshe, domin mutanen Aisland ba su kai rabin haka ba a lokacin.

## Shekara biyar na makaranta

Vepsawa da Izhorawa sun ɗanɗani abin da zai iya cetonsu, aka fizge. A farkon shekarun 1930 gwamnatin Sobiyet ta ba su rubutu da haruffan Latin, aka buga littattafan firamare, yara suka fara karatu da harshen iyayensu. A 1937 aka rufe komai, aka lalata littattafai, aka kama masu aikin. Väinö Junus, wanda ya rubuta nahawun Izhoranci a 1936, harbe shi aka yi a shekarar da ta biyo. Votawa ko wannan ɗan lokacin ba su samu ba.

Sai yaƙi ya biyo baya. A 1943 zuwa 1944 aka kwashe mutum kimanin dubu 63 daga yankin Ingriya, kusa da Leningrad, zuwa Finlan, cikinsu har da Izhorawa da Votawa. Bayan sulhun 1944 aka dawo da mafi yawansu, amma aka hana su komawa ƙauyukansu, aka rarraba su cikin Rasha. Waɗanda suka samu dawowa daga baya sun tarar da baƙi a gidajensu, suka koyi rufe bakinsu a gaban yara. Votawa sun haura dubu 5 a 1848, a 2010 mutum 64 ne. Izhorawa sun sauko daga kimanin dubu 16 a 1926 zuwa 266 a 2010. Ƙauyukan Votawa na ƙarshe, Luzhitsy da Krakolye, yau suna gindin katafariyar tashar jiragen ruwa ta Ust-Luga. Vepsawa kuwa an raba ƙasarsu tsakanin yankunan mulki uku, aka tashi ƙananan ƙauyukansu da sunan ba su da makoma, daga kimanin dubu 33 suka koma ƙasa da dubu 6.

## Ƙauyuka goma sha biyu a bakin teku

Liboniyawan da suka rage sun zauna a ƙauyukan masunta goma sha biyu a arewacin Kurland da ke yammacin Latbiya, irin su Mazirbe da Kolka. A tsakiyar ƙarni na 19 sun ɗan haura dubu 2, kuma sun daɗe a haka ba tare da harshen ya girgiza ba. Daji da fadama sun raba su da manoman Latbiya, sana'arsu daban, kuma sun fi hulɗa da mutanen tsibirin Saaremaa na Estoniya, masu harshe mai kama da nasu. A cikin kwalekwale da wajen gyaran koma da shanya kifi, Liboniyanci ake yi.

A 1915 aka tashe su daga gaɓar saboda yaƙi. Yaran da suka yi shekaru a gudun hijira sun dawo da Latbiyanci a baki. Duk da haka suka yunƙura: ƙungiya da tuta a 1923, darasin harshen awa ɗaya a mako a makarantu, jarida daga 1931, da gidan taro a Mazirbe da aka buɗe a 1939 da taimakon Finlan da Estoniya da Hangari. Sun nemi a haɗa ƙauyukansu a ƙaramar hukuma ɗaya tasu, gwamnatin Latbiya ta ƙi. Yaƙi na biyu ya sake tashinsu, sannan Sobiyet ta mai da gaɓar yankin iyaka na soja. Masu gadi kan share yashin bakin ruwa don a ga sawun duk wanda ya taka. Aka hana ƙananan ƙauyuka fita su, aka tattara kamun kifi a manyan tashoshi. Masunta suka ja kwalekwalensu cikin dajin da ke bayan Mazirbe suka bar su, har yau gawarwakinsu na nan suna ruɓewa a gindin itatuwa. Da sana'a ta tafi matasa suka bi ta zuwa Ventspils da Riga, can kuwa babu wanda za a yi harshen da shi.

A nan amsar a bayyane take. Da an bar mutanen a ƙauyukansu da kwalekwalensu, aka ba su makarantar firamare da harshensu maimakon awa ɗaya a mako, da yawansu ya isa.

## Inda ake sa-in-sa

Masu ganin abin ƙaddara ce suna cewa ko babu yaƙi ko Stalin, birni da rediyo da auren waje za su yi aikin. Hujjarsu ita ce Kven da Meänkieli, waɗanda suka raunana a ƙasashe masu dimokuraɗiyya. Amma can ɗin ma da hannun hukuma, domin Norwe da Suwidin sun daɗe suna hana yara harshen gida a makaranta. Suwidin ba ta amince da Meänkieli ba sai 2000, Norwe ta amince da Kven a 2005, kuma a 2024 majalisarta ta nemi gafarar Samawa da Kvenawa a kan wannan siyasa.

Wata gardamar ita ce ko farfaɗowa na da amfani. Masu shakka na cewa harshen da aka koya daga littafi ba shi ne na kaka ba. Gaskiya ne, lafazi kan canja, karin magana kan zube. Sai dai Samawan Inari a Finlan, masu 'yan ɗaruruwan mutane, sun nuna abin da zai yiwu. A 1997 suka buɗe abin da ake kira sheƙar harshe, gidan renon yara inda daga safe zuwa yamma ba a yi wa yaro magana sai da harshen, sannan suka horar da manya masu aiki don su cike giɓin tsarar da ta rasa shi. Yau akwai yara masu tashi da shi. Sharaɗin dai shi ne a fara tun tsofaffi masu jin harshen na raye.

## Abin da ya rage a hannun talaka yau

Ga Liboniyanci an makara da wannan sharaɗi, amma an yi sa'ar tarin rubutu da muryoyin da aka naɗa. Dokar harshe ta Latbiya ta 1999 ta ɗora wa gwamnati kula da shi, Jami'ar Latbiya ta buɗe masa cibiya a 2018, akwai zangon yara na bazara, kuma mutum 'yan gommai na iya hira da shi. Latgaliyanci na da ƙarfi sosai, domin a ƙidayar 2011 kimanin mutum dubu 165 suka ce suna amfani da shi kullum, matsalarsa ita ce matasa na barin yankin neman aiki kuma makaranta ba ta ba shi wuri isasshe ba. Ga uwa a Latgale, yankin masu Latgaliyanci, ko a ƙauyen Võro, tambayar ba ta wuce ko harshen zai hana ɗanta ci gaba ba, kuma hukuma ce kaɗai ke iya sa amsar ta zama a'a, ta hanyar ba shi gurbi a aji da rediyo da wurin aiki.

Wanda ya fi damuna shi ne Kareliyanci, domin shi ne har yanzu yake da dubban masu jin sa da za a iya gina wani abu a kansu. A Finlan an amince da shi a 2009, bayan shekarun da aka yi ana yi wa 'yan gudun hijirar Kareliya gorin wai Rashawa ne, kuma tun 2015 gidan rediyon ƙasar na ba da labarai da shi. A Rasha kuwa Kareliya ce kaɗai jamhuriyar da harshen 'yan asalinta ba na hukuma ba ne, kuma dokar 2002 da ta wajabta haruffan Rashanci ga harsunan hukuma ta tare masa hanya, tun da da haruffan Latin ake rubuta shi. Dokar 2018 ta mai da koyon harsunan gida ganin dama a makarantu. Jami'ai a Mosko sun taɓa sukar sheƙar harshe da cewa tana ware yara bisa ƙabila, duk da haka mutanen ƙauyen Vedlozero suka gina wa harshen gida da gudummawarsu suka buɗe tasu. Tun ƙarshen 2023 kuma an rufe iyakar Finlan da Rasha, zirga-zirgar malamai da ɗalibai da littattafai tsakanin ɓangarorin biyu ta yi wuya ƙwarai. Masu jin harshen da kyau yawancinsu tsofaffi ne, kuma sheƙa ɗaya ko biyu ba za su ishi mutanen da ke warwatse daga Tver har zuwa gaɓar Farin Teku ba.